Guraben Aiki A Ƙetare: Abin Da Sabon Injiniya Zai Auna Kafin Ya Ɗauki Jaka

A ƙarshen kowace shekarar karatu, da zarar an manna sakamakon jarrabawa, akwai wata ziyara da na saba da ita a ofis. Ɗalibin da ya kammala digirinsa na injiniya zai yi sallama, mu gaisa, ya ɗan yi jim, sannan ya miƙo min waya ya ce, “Malam, ga wata dama da na samu a waje, ina son ka duba min.” A da irin wannan ziyara ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara, yanzu kuwa da wuya mako ya fita ban ga guda ba. Ta bana da ta fi tsaya min a rai ita ce ta wani dattijo da ya rako ɗansa. Bayan na karanta takardar da suka zo da ita, sai ya dube ni ya ce, “Malam, mu ba mu san wannan harka ba, ku ne idonmu. An ce a kawo Naira miliyan huɗu, ni kuma gonar gado kaɗai gare ni. In sayar ko in bari?”

Ba na ganin laifin matashin da zuciyarsa ta karkata waje. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin Dala ɗaya a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati, amma cikin shekara guda sai da ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Da yawa daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, da masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda su ne suke kwashe sababbin injiniyoyi a zamanin iyayenmu, sun daɗe da rufe ƙofa. Wanda ya shafe shekara biyar yana fama da lissafi da zane, ya fito ya tarar da wannan hali, sannan aka nuna masa albashin Yuro dubu a wata, dole ransa ya biya. Sai dai Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da nake son in jawo hankalin ɗalibai da iyaye a kai shi ne, darajar gurbin aiki a ƙetare tana ga aikin da hannun mutum zai taɓa da kuma wanda zai koya masa shi. Sunan ƙasar da yawan kuɗin duk bayan wannan suke zuwa.

Ya kamata mu fara da faɗa wa kanmu gaskiya game da irin horon da muke bayarwa. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro shirin SIWES domin ɗalibi ya yi watanni a wurin aiki kafin ya kammala. Manufa ce mai kyau, amma mu da muke zagayawa duba ɗalibai mun san abin da muke tararwa. Wani an ajiye shi a ofis yana ɗaukar hoton takardu, wani kuma sai ƙarshen wata yake leƙawa a sa masa hannu. A ɗakunan gwajinmu akwai injunan da suka girmi malaman da ke koyarwa da su. Saboda haka watanni shida a masana'antar da ke aiki dare da rana, inda ake auna kuskure da ma'aunin da bai kai kaurin gashi ba, suna iya buɗe wa matashi ido fiye da shekaru biyu na karatun allo. Gani ya kori ji, kuma ba ni daga cikin masu hana tafiya.

Tarihi ma ya nuna cewa babu ƙasar da ta gina masana'antu ba tare da ta tura 'ya'yanta koyo a wajen wasu ba. A 1968 Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin ƙarafa na POSCO, ta tura ma'aikatansa Japan suka zauna a gaban murhun narka tama suka koyi aiki, kuma a 1973 masana'antar Pohang ta fara fitar da ƙarfe. Mu ma mun yi irin wannan yunƙuri. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat a 1979, aka tura ɗimbin injiniyoyi da masu fasaha Rasha da Indiya suka samu horo mai inganci. Da suka dawo sai suka zauna jiran babban murhun da har yau ba a taɓa kunna shi ba, wasunsu har suka yi ritaya suna jira. Waɗanda suka je Japan da waɗanda suka je Rasha duk sun koyo aiki, bambancin shi ne na farko sun dawo sun tarar da inda za su yi shi. Darasin da matashi zai ɗauka a nan shi ne, kafin ya tafi ya tambayi kansa abin da zai koyo, da kuma inda zai yi amfani da shi bayan wa'adin ya ƙare.

Ma'auni na farko ke nan, wato ainihin aikin. Wasu shekaru da suka wuce wani ɗalibina mai ƙwazo a fannin injiniyan gine-gine ya samu tayin aiki a wata ƙasa ta yankin Tekun Fasha. Takardar ta ce za a ɗauke shi a matsayin injiniya mai neman ƙwarewa. Da ya isa sai ya tarar abin da aka rubuta a takardar zamansa lebura ne, aikin da aka ba shi kuwa ƙirga buhunan siminti da sandunan rodi da ke shiga sito da fita. Ya yi shekara biyu bai buɗe zanen gini ko sau ɗaya ba. Ya turo kuɗi gida, ba a musu, amma da ya dawo neman aiki sai ya ga abokan karatunsa da suka tsaya suna bin 'yan kwangila a rana sun san yadda ake gwada ƙarfin kankare da yadda ake karanta zanen rodi, shi kuwa abin da ya karanta ma ya fara dusashewa. Da tun farko ya nemi a turo masa kwantiragin a rubuce, ya duba sunan sana'ar da za a sa masa a biza, da ya gane. A Saudiyya, alal misali, baƙo ba ya aiki da sunan injiniya sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyin ƙasar, ita kuma tana neman shaidar shekarun ƙwarewa. Don haka duk wanda ya yi wa sabon mai digiri alƙawarin kujerar injiniya a can kai tsaye, akwai ayar tambaya a maganarsa.

Kalmar “horo” ita ce rigar da aka fi lulluɓe aikin ƙarfi mai arha da ita, kuma wannan bai tsaya ga ƙananan dillalai ba. Japan ta ƙaddamar da shirinta na horar da baƙi a fannin fasaha a 1993, da sunan koya wa matasan ƙasashe masu tasowa sana'a. Shekara da shekaru ana sukar shirin saboda masu shiga ba su da ikon sauya wurin aiki ko da ana cutar da su, da yawansu kuma sun iso da bashin dillalai a wuya. Sai a 2024 majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar da za ta maye gurbinsa da wani tsari. A cikin watan Oktoban shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yadda aka ja hankalin 'yan mata daga ƙasashen Afirka, har da Najeriya, zuwa yankin Alabuga na Rasha da alƙawarin karatu haɗe da aiki, sai suka tsinci kansu a masana'antar harhaɗa jirage marasa matuƙa da ake yaƙin Yukiren da su. Idan shirin da ke da tambarin hukuma zai iya kasancewa haka, ina ga tallan da aka turo ta WhatsApp?

Ma'auni na biyu shi ne wanda zai kula da kai a wurin aikin. Injiniyanci sana'a ce da ake gada daga hannu zuwa hannu, kuma doka ta san da haka. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don tsara aikin injiniya a Najeriya, ba ta yi wa mai digiri rajista sai ya kawo shaidar aƙalla shekara huɗu na aiki bayan kammala karatu, da rahoton ayyukan da ya yi da waɗanda za su tsaya masa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa mai ɗaukar ka ita ce, wane ne injiniyan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma zai sa hannu a kundin ayyukana? Kamfanin da ya shirya horar da mutum da gaske yana da amsar wannan a shirye: ga sashen da za ka fara, ga watannin da za ka yi a kowane, ga wanda zai duba aikinka. Wanda ya ce sai ka zo a gani, to lebura yake nema. A nan ne kuma ya kamata a san matsayin takardunmu a idon duniya. Akwai Yarjejeniyar Washintan ta 1989, wadda ƙasashe suke amincewa da digirin injiniya na junansu a ƙarƙashinta. A 2023 COREN ta samu shiga matakin farko na wucin gadi. Ci gaba ne, amma matakin wucin gadi ba ya wajabta wa sauran ƙasashe karɓar digirinmu kai tsaye, don haka kowa ya bincika yadda ƙasar da zai je take tantance takardun baƙi kafin ya biya ko kwabo.

Na uku shi ne lissafin kuɗi, wanda abin mamaki a nan injiniyoyi suka fi yin kuskure. Matashi zai ɗauki albashin ya buga da farashin canji, ya ga miliyoyi, ya manta cewa a can zai ci abinci ya biya haya. Tun daga watan Satumban 2024 Jamus tana neman ɗalibi baƙo ya nuna Yuro 11,904 na shekara guda, wato Yuro 992 a wata, a matsayin abin da zai rayu da shi daidai wa daida. To wanda aka ce za a ba shi alawus na Yuro dubu a wata, me zai rage masa? Idan an cire kuɗin jirgi da na biza da inshorar lafiya da kayan sanyi, sau da yawa gurbin wata shida ba ya mayar da abin da aka kashe. Wannan bai sa ya zama asara ba, matuƙar an san cewa ilimi aka je saye kuma an tabbatar za a same shi. Asara ita ce a sayar da gona da niyyar riba, a dawo babu ribar babu ilimin.

Akwai kuma wata alama da ba ta cika kuskure ba, wato wanda ke biyan kuɗin ɗaukar ma'aikaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki ba za su caji ma'aikaci ba, mai neman ma'aikacin ne zai biya. Shirye-shiryen da suka yi suna ma haka suke tafiya. Ƙungiyar IAESTE, wadda aka kafa a Landan a 1948 don musayar ɗaliban fasaha tsakanin ƙasashe, tsarinta shi ne kamfanin da ya karɓi ɗalibi ya biya shi abin da zai ishe shi zama. Shirin ABE da Japan ta sanar a 2013 yana ɗaukar nauyin matasan Afirka su yi digiri na biyu tare da zaman koyon aiki a kamfanonin ƙasar. Irin waɗannan gurabe kaɗan ne, gasarsu da zafi, kuma da takardu da jarrabawa ake samunsu. Idan hanya ta zo da sauƙi ƙwarai, babu tantancewa babu ganawa sai lambar asusun banki, to kuɗinka ake so. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin samar da aiki lasisi, kuma neman a nuna maka lasisin haƙƙinka ne.

Na huɗu shi ne 'yancin fita. Kafin mutum ya shiga ɗaki ya kamata ya san inda ƙofa take. A ƙasashen Tekun Fasha tsarin kafala ya daɗe yana ɗaure zaman baƙo ga mai gidan da ya kawo shi. An yi gyare-gyare: a 2020 Ƙatar ta soke sharaɗin neman izinin mai gida kafin sauya aiki, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi na Riyal 1,000, Saudiyya ma ta sassauta nata tsarin a 2021. Duk da haka abin da ke rubuce a doka daban, abin da baƙon da ba ya jin harshe zai iya ƙwata daban. Duk kwantiragin da ya ce za a riƙe fasfonka, ko za ka biya tara mai nauyi idan ka bar aiki kafin wa'adi, ka ɗauke shi a matsayin gargaɗi. Ƙasashen Turai ma dokokinsu ba sa zama wuri guda. Birtaniya ta buɗe bizar da ke ba waɗanda suka kammala karatu a can damar zaman shekara biyu a 2021, sai ga shi a Janairun 2024 ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, a 2025 kuma ta bayyana aniyar rage wa'adin zuwa wata 18. Wanda ya gina shirin rayuwarsa a kan dokar bara yana iya wayar gari ya ga an janye masa tabarma.

Kada kuma a manta da hidimar ƙasa. Wanda ya kammala digiri kafin ya cika shekara 30 wajibi ne ya yi shekarar NYSC, kuma ba tare da takardarta ba ƙofar aikin gwamnati da ta manyan kamfanoni a rufe take. Na ga waɗanda suka tsallake ta da gaggawar tafiya, suka dawo bayan shekaru suna bin layi tare da ƙannensu. Idan gurbin zai iya jira, a gama da wannan tukuna.

Sai tambayar da ta fi kowace wuya: abin da aka koyo zai yi aiki a nan? Ba komai ne ke ƙetare teku lafiya ba. Wanda ya koyi gina titi a ƙasar da damuwarta ƙanƙara ce zai dawo ya tarar da baƙar laka ta yankin Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Wanda ya koyi kafa allunan sola a Turai bai san yadda ƙurar hunturu ke rufe su cikin kwanaki ba. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Abin da ke tsallakowa ba tare da ya lalace ba shi ne tarbiyyar aiki. Wata ɗalibata da ta karanta injiniyan lantarki ta yi wata takwas a wata masana'antar taransifoma a Indiya. Da ta dawo na tambaye ta abin da ta fi ƙaruwa da shi, na zaci za ta ambaci wata sabuwar na'ura. Sai ta ce, “Malam, a can ba a jira inji ya lalace. Kowane yana da ranar dubawa da takardar da ake cikawa, kuma ba a taɓa waya sai an kashe wuta an sa kwaɗo an rataya suna.” Yau ita ke kula da gyaran injuna a wani kamfanin casar shinkafa, kuma wannan ɗabi'ar ce ta ɗaga ta sama da waɗanda suka riga ta shiga.

Wajibi ne kuma a ɗora tayin waje a sikeli ɗaya da abin da ke gida, domin ba kullum na nesa ke rinjaye ba. Ga aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ga tashar lantarki ta Zungeru mai megawat 700, ga matatar Ɗangote da ke Legas wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. A irin waɗannan wurare akwai ƙwararru daga ƙasashe daban-daban da kayan aiki na zamani. Matashin da ya samu shiga, ko da a ƙaramin matsayi ne da ɗan albashi, zai ga aikin da da yawa daga masu tafiya waje ba za su gani ba, kuma a kan ƙasar da zai yi sauran rayuwarsa yana gini a kanta. Na san samun shiga ba sauƙi, sau da yawa sai da hanya. Amma wanda ya iya tara miliyan huɗu don dillali, zai iya riƙe kansa wata shida a bakin aikin da zai koya masa sana'a.

Wani zai ce, to idan mutum ya tafi da niyyar zama can fa? Ba na ɗora wa kowa laifin neman inda rayuwa za ta yi masa sauƙi, kuma kuɗin da 'yan ƙetare ke aikowa yana riƙe gidaje da yawa. Sai dai ko mai wannan niyya ma'aunin bai canza masa ba. Wanda ya shiga ƙasa a matsayin lebura da wuya ya rikiɗe ya zama injiniya a cikinta, domin kowace shekara da ta wuce tana nisanta shi da karatunsa. Akwai kuma nauyin da ba ya shiga lissafi: kaɗaici, iyaye masu tsufa, auren da aka ɗage, azumi a ƙasar da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Waɗannan kowa shi ya san abin da zai iya ɗauka, amma ya auna su tun yana gida.

Mu ma a jami'o'i akwai namu laifin. Muna sallamar ɗalibi da takarda mu bar shi da dillalai. Kowace tsangayar injiniya tana iya ware malamai biyu ko uku da za su riƙa duba irin waɗannan takardu kyauta, ta kuma tattara sunayen tsofaffin ɗalibanta da ke aiki a waje domin mai shirin tafiya ya samu wanda zai tambaya. Gwamnatocin jihohin da ke kashe kuɗi wajen tura ɗalibai ƙetare su ma su tuna da Ajaokuta, su tanadi inda waɗanda suka tura za su yi aiki kafin ranar dawowarsu.

Dattijon nan kuwa, ban ce masa ya sayar ba, ban ce ya bari ba. Na rubuta wa ɗansa tambayoyi huɗu ya aika wa waɗanda suka yi tayin: sunan sana'ar da za a rubuta a biza, sunan injiniyan da zai kula da shi, kwafin kwantiragi mai ɗauke da sharaɗin barin aiki, da lambar lasisin kamfanin da ke karɓar kuɗin. Na ce idan amsa ta zo su dawo mu duba tare. Bayan mako uku yaron ya kira ni ya ce amsar da aka ba shi ita ce gurabe sun kusa cika, ya hanzarta biya. Na ce ya gaida Baba, ya ce masa damina ta kusa, a fara sharar gona. Shi kuma yanzu yana cike takardun neman wani gurbi, irin wanda ake yi wa jarrabawa. Allah Ya yi wa matasanmu jagora, Ya sa su dace da abin da zai amfane su.